Ƙofar da Na Toshe ta Waya

Shekara goma sha ɗaya na yi ina zaman haya a Gyallesu, kuma duk tsawon lokacin nan ko ƙusa ban taɓa bugawa a bango da hannuna ba. In famfo ya lalace, waya nake ɗagawa. In ƙwan lantarki ya mutu, maiɗakina ce ke hawa kujera, ni ina ƙasa na riƙe mata kujerar ina ba da shawara. Amma da mahaifinmu ya rasu, 'yan'uwa suka zauna suka ce ni ne babba, ni zan koma gidanmu na Limancin Kona in zauna da Inna, sai kawai na wayi gari masanin gini. Na samo takarda na zana yadda gidan zai koma, na kai wa maiɗakina ina jiran yabo. Ta juya takardar sama, ta juya ta ƙasa, sannan ta tambaye ni ina ne gabas.

Gidan na ƙasa ne, kakanmu ya gina shi. Zauren lafiyarsa lau, har gobe ya fi ɗakunan zamani sanyi, amma ɗakunan ciki biyu sun gaji, azararsu ta fara lanƙwasa, kuma duk damina sai an jera kwanoni a ɗakin Inna ana tarar ruwa. Shawarar da na yanke ita ce a bar zauren, a rushe ɗakunan nan a tayar da na bulo, a yi wa Inna banɗaki a cikin ɗakinta saboda ciwon gwiwa, a kuma gyara katangar baya a ƙara mata tsawo. Birkilan da aka haɗa ni da shi ya zagaya gidan hannuwansa a baya, ya ce aikin sati uku ne. Da wannan sati ukun na lallaɓa Inna ta yarda ta zo wurinmu Gyallesu kafin a gama. Zani huɗu kacal ta ɗauka, don ta gaskata ni, ni kuma na gaskata shi.

Birkilan nan mutumin kirki ne. Daga wani ƙauye na bayan gari yake zuwa a kan babur kowace safiya, kuma ya san aikinsa. Aibinsa ɗaya, bakinsa bai iya cewa a'a ba. In ka ce a ɗaga taga, sai ya ce, "Haka ya fi, yallaɓai." In gobe ka ce a sauke ta, sai ya ce shi ma da tunanin ya kwana. Irin wannan mutum da maigida mai natsuwa da lokaci ya kamata a haɗa shi. Sai aka haɗa shi da ni.

A sashen jarrabawa na wata kwaleji nake aiki, ginin kuma ya faɗo daidai lokacin harhaɗa sakamakon ɗalibai, lokacin da mutum ba ya sanin an kira azahar sai ya ga abokan aiki suna naɗe hannun riga. Da safe nakan biya ta gidan in tsaya minti goma, in shuri bulo da ƙafa kamar na san abin da nake dubawa, in wuce ofis. Sauran duk ta waya nake yi. Waya a kunnen hagu, biro a hannun dama, ina cewa a ƙaro yashi ina duba makin ɗan wani. Akwai ranar da na ce wa birkila ya kawo min fayil ɗin 'yan aji biyu, ya ce in sha Allahu yanzu. A lokacin alfahari nake da wannan hali. Har nakan gaya wa abokan aiki cewa in mutum ya iya tsara lokacinsa, daga kan kujera sai ya gina gida.

Wata Laraba, aiki ya shiga wata na biyu, muna tsakiyar mitin da shugaban sashe, wayata ta yi ta motsi a aljihu har sau uku. Na sunkuya ƙarƙashin tebur na ɗauka.

"Yallaɓai, mun zo kan katangar baya. To akwai wasu kafofi a jikinta."

"A toshe."

"Har da ta bayan madafa?"

"Malam, ina mitin. Duk wata kafa da ka gani, toshe ta."

"To, yallaɓai. Sai dai ita wannan ɗin..."

Na kashe wayar, na ɗago kai, na ci gaba da gyaɗa wa shugaban sashe kai.

Da zan so in ce ban gane wadda yake nufi ba, amma na gane sarai. A bayan madafar gidanmu akwai wata 'yar ƙofa a jikin katanga, wadda babba sai ya sunkuya yake wucewa, ba ta da ƙyaure sai wani tsohon asabari. Tana ɓullawa gidan maƙwabtanmu na baya. Gidajen biyu baya da baya suke, namu yana kallon wani lungu, nasu yana kallon wani, don haka in ta waje za ka bi, sai ka fita zaure, ka wuce masallaci, ka ratsa majalisar dattawa da ke gindin bishiya, ka shiga lungu biyu, sannan ka iso. Ta 'yar ƙofar kuwa taku bakwai ne daga murhun Inna zuwa na Goggo.

Goggo ba ƙanwar mahaifinmu ba ce, amma haka muka tashi muna kiran ta. Shekara ɗaya aka kawo su amare ita da Inna, a zamanin da matar aure ba ta taka lungu da rana. Ta ƙofar nan suka yi rayuwarsu. Ta nan garwashi ke wucewa, da gishiri, da labarin wanda ya yi aure da wanda ya saki. An ce ranar da aka haife ni, Goggo ce ta fara ɗaukata, don ta riga ungozoma zuwa. Da Inna ta shiga takaba, kullum bayan la'asar sai asabarin ya motsa, Goggo ta shigo ta zauna kusa da ita, wani lokaci ko magana ba sa yi. A unguwarmu kuma kowa ya san ba a toshe irin wannan ƙofa sai in gaba ta shiga tsakanin gida biyu. Duk wannan na san shi. Abin da ya zo min a rai a ƙarƙashin teburin nan shi ne awakin Goggo da sabon daɓen da zan yi, kuma ko daƙiƙa biyu tunanin bai ɗauka ba. Kafin a tashi mitin na manta.

Can Gyallesu kuwa Inna tana zaune a ɗakin yara kamar kazar da aka kife da kwando. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai dai kullum na dawo, bayan sannu da zuwa, sai ta ce, "Ka ga Goggonka?" Ni kuma in ce tana gaishe ki. Ban gan ta ba ko sau ɗaya. Minti goman nan da nake yi da safe a gaban gida yake ƙarewa, wajen tayil da fenti, abubuwan da baƙo zai gani.

Sati ukun birkila ya cika bayan wata uku. Ranar da muka kwaso kaya, a-kori-kurar da muka ɗauko ta tsaya a bakin lungu ta ce iyakarta ke nan, sai da aka yi ta jigila da baro da kai, dattawan majalisa suna bin kowane kaya da ido suna yi mana sannu. Kabad ɗin maiɗakina ya shiga zaure ya ƙi fita ta ɗaya ƙofar, don kakanmu ya karkatar da ƙofofin ne yadda na waje ba zai hango cikin gida ba, kuma bai yi shawara da kabad ba. Sai da aka kwance shi gunduwa-gunduwa. Ni dai ina tsaye ina ba da umarni, rabin hankalina yana kan waya, don ranar ma aron ta na yi daga ofis.

Da yamma na ɗauko Inna. Na zagaya da ita ɗaki-ɗaki ina bayani kamar mai tallan gida. Ta taɓa tayil da tafin ƙafa, ta murɗa famfon banɗakinta ta ga ruwa, ta ɗaga kai ta dubi silin. Ko'ina sai ta ce, "Madalla. Allah ya yi albarka." Raina fes. Sannan ta kwance bakin zaninta ta fito da 'yar leda, goro ne da sabulu da ta yi wa Goggo tsaraba, ta nufi bayan madafa tana ɗingishi. Na bi ta a baya, kuma sai a tsakiyar tsakar gida abin ya faɗo min.

Katanga ce doguwa, sumul, an yi mata fenti ruwan madara. Ko alamar inda ƙofar take babu, don na ce birkilan ya san aikinsa. Inna ta tsaya ta daɗe. Ta ɗora tafin hannunta daidai wurin, ba ta yi kuskuren ko taƙi ɗaya ba. Sai ta juyo ta ce, "Fentin ya yi kyau." Ta mayar da ledar bakin zani ta koma ɗaki.

Ni ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, da "kai" da "wannan" na girma. Daga ranar nan na samu suna. "A kai wa Injiniya ruwa." "Injiniya ya dawo?" Cikin ladabi take faɗa, fuskarta ba yabo ba fallasa, har yarana suka ɗauka ƙarin girma aka yi min a ofis.

Ni kuma da na ga na yi laifi, sai na yi abin da na saba, na hau kare kaina. Na ce wa maiɗakina zamani ya canza, yanzu ba a barin gida da kafa saboda ɓarayi. Ta ce ɓarawon da zai biyo ta tsakar gidan Goggo ai sai ya tsaya gaisuwa, kafin ya gama amsa tambayar lafiyar iyayensa gari ya waye. Na ce in aka fasa, filasta za ta tsage, fenti ya ɓaci. Ta ce, "Haka ne, Malam. Ai fentin ya yi kyau." Na ji haushi ƙwarai, na ce to ranar Asabar za a buɗe, a bar ni in sha iska.

Na kira birkila. Damina ta sauka, yana gona. Ya ce in sha Allahu yana gama noman fari zai zo. Na tambaye shi cikin faɗa me ya sa bai gaya min ba, ya ce, "Ai na fara, yallaɓai." Sannan ya ƙara da abin da ban tambaye shi ba. Ya ce tun da suka fara aiki, kullum tsohuwar nan ta gidan baya sai ta miƙo musu kunu ta 'yar ƙofar. Ranar da suka toshe, tana zaune daga can tana kallon su suna jera bulo. Da ya rage layi biyu, sai ta tashi ta miƙo ƙwaryar kunun ta sama, ta ce su yi sauri su sha su ba ta ƙwaryarta kafin su rufe. Na ce masa ana kira na a wani layin, na kashe.

Asabar ta zo, aka ce akwai gadin jarrabawa. Ta gaba ɗaurin aure, ta bayanta jana'iza a Ƙofar Kibo. Kowace da hujjarta, kuma duk na gaskiya ne, abin da ya sa na ji daɗin fakewa da su ke nan.

A sati na uku Inna ta gaji da jira. Ta sa mayafi da takalmi, maiɗakina ta riƙe mata hannu, suka bi ta lungu, suna tafiya suna hutawa. Ina ofis, da na dawo aka ba ni labari. Goggo ta tare su da fara'a, ta sa matar ɗanta ta shimfiɗa sabuwar tabarma, aka kawo ruwa a kofin gilashi. Suka gaisa, suka sake gaisawa, suka tambayi gwiwa da damina. Babu wadda ta ambaci katanga. Inna ba za ta buɗe baki a gaban surukar wani ta ce ɗanta ne ya yi wauta ba, Goggo kuma ba za ta tambaya ba, ga shi kunnenta ya yi nauyi, magana da ita sai an ɗaga murya kowa ya ji. Ko rabin awa ba su yi ba suka taso. Maiɗakina ta ce a hanya Inna magana ɗaya ta yi: "Yau ni aka shimfiɗa wa tabarmar baƙi a gidan nan."

Daga nan Inna ta rage cin abinci. Bayan la'asar sai ta ja kujerarta 'yar tsugunno zuwa bayan madafa, ta zauna da faranti tana tsintar shinkafar da ba ta da tsakuwa. Na gani, kuma ya dame ni, amma ina da ɗaruruwan maki da ke jira na, na ce dai birkila yana nan tafe.

Wata Talata da safe na shiga gaishe ta, na sha farar shadda, fayiloli a hammata, ina da mitin ƙarfe goma. Ta amsa, sannan ta ce, idonta a kan carbi, "Injiniya, da ma ina so in ce, ko za ka kai ni wurin ƙanwarka Ƙofar Kibo in zauna. Gidanka ya yi kyau, Allah ya sa albarka. To amma in baƙunta ce, ko'ina ma yi ta."

Gidanka ta ce. Gidan da aka kawo ta tana 'yar shekara sha biyar, wanda na baro Gyallesu don kada ta zauna a cikinsa ita kaɗai. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har na rasa inda zan ajiye idona. Na fita, na ajiye fayilolin a zaure, na kashe waya. A cikin tarkacen da masu aiki suka bari na samu wata guduma mai sassauƙan ƙota.

Har na ɗaga ta, maiɗakina ta ce in bulo ya faɗa wa wani a can fa? Dole na saɓa guduma na bi ta lungu. Dattawan majalisa suka ga farar shadda da guduma, suka amsa sallamata a hankali suna kallon juna. Tafiyar ta fi yadda nake zato tsawo, ni mai lafiyar ƙafa. Na yi sallama a zauren su Goggo, matar ɗanta ta leƙo ta ce wa za a ce. Na tsaya ina inda-inda, don a gidan nan na ci tuwo ya fi a ƙirga, amma ban taɓa shigarsa ta ƙofar gaba ba.

Daga ɓangarensu katangar ba sumul take ba. Jar ƙasa ce yadda take tun fil azal, sai wani facin bulo toka-toka a tsakiya, siminti ya zubo ya bushe a jikinsa. Nawa gefen kawai na sa aka gyara. Goggo tana zaune a kan buzu dab da facin, ta rame, ta ƙanƙance. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ta ɗan matsa zan buɗe.

Ta kalli gudumar, ta kalle ni. "Ita ta ce a buɗe?"

"Goggo, ai ba ita ta sa aka toshe ba. Ni ne."

"Me?"

Na ɗaga murya. Ta sake cewa me. Sai da na faɗa da ƙarfin da duk matan gidan suka fito ƙofar ɗakunansu: ni ne na toshe, Inna ba ta sani ba, wauta ce tawa. Wata daga ciki ta rufe baki da gefen mayafi. Goggo ta ce, "To," ta ja buzunta gefe.

Bulon nan na birkila ba na wasa ba ne. Bugun farko gudumar ta dawo min har kafaɗa. Na yi ta dukan wuri ɗaya ina haki, ƙura ta mayar da shaddata ruwan toka, tafin hannuna ya tashi ya fashe. Matan gidan suna ta yi min sannu, irin sannun da ake danne dariya da ita. Can dai bulo ɗaya ya tsage, na biyu ya bi shi, suka rufta cikin gidanmu da filastar da fentin gaba ɗaya. Da ƙurar ta lafa, ramin bai fi faɗin faifai ba, kuma fuskar Inna ce a cikinsa. Ashe tun bugun farko take tsaye, maiɗakina tana ta jan ta baya.

Na ce su dakata in ƙarasa, babu wadda ta saurare ni. Goggo ta dafa ƙasa ta miƙe, ta zo ta ture ni da gwiwar hannu. Inna ta zuro hannu ta ramin, Goggo ta kama shi da hannu biyu.

Inna ta ɗaga murya yadda za ta ji, ta ce, "Kin ga aikin Injiniya. Ke kika fara ɗaukar sa, sai ki san abin da kika shafa masa."

Goggo ta yi 'yar dariya, amma ba ta saki hannun ba. Ta ce, "Ni fa na ɗauka wani abu na yi miki. Tun ranar nake ta bin shekarun nan ɗaya bayan ɗaya, tun daga zuwanmu, ina neman inda na ɓata miki. Na tuno guda uku, amma na ga kamar ba su kai a sa bulo ba. Sai na ce ko akwai wani babba da tsufa ya sa na manta. Kullum in na idar da salla sai in juyo nan in ce ki yafe min, ko mene ne."

Ta ramin ina ganin kafaɗar Inna tana rawa. Na tsaya a bayan Goggo da guduma a hannu, jini da ƙura a tafina, na kasa cewa su matsa. Sai da suka gama don kansu, sannan na ci gaba da fasawa.